Waya ko makirufo da intafes: amsa ga ƙanenmu na Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanenmu na Agege ya kawo tambaya shekaranjiya. Yana da jita Yamaha F310, yana rera waƙoƙin wasu mawaƙa a ɗakinsa yana ɗauka da waya, yanzu ya tara ɗan kuɗi, mai shago kuma ya ce masa ya sayi makirufo kwandensa, irin mai saurin jin sauti, da intafes, wato ɗan akwatin nan da ake haɗa makirufo da kwamfuta, wanda a kasuwa ake ce wa sawun kad. Shi ne yake tambaya, ya saya ko ya ci gaba da wayarsa? Na yi aiki da duka biyun a ɗakin haya a Idi-Araba, don haka ga abin da na gani.

Ƙanena, kafin mu taɓa na'ura, ka zauna shiru a ɗakinka minti ɗaya ka saurara. Za ka ji fanka, za ka ji firijin maƙwabci ta bango, ga janareta a bayan taga, ga kwandastan danfo yana kiran Oshodi. Kai da ke Agege ma har da ƙarin jirgin ƙasa da ke ratsa unguwa da jiragen saman da ke sauka Ikeja. Kunnenka ya saba da waɗannan har ya daina jinsu, amma makirufo ba ya sabo. Duk kwatancin da zan yi a kan wannan ya tsaya.

Mu fara da waya. Makirufonta ɗan mitsitsi ne a gindinta, yana jin sauti daga kowane ɓangare, kuma an gina shi ne don magana. Wayoyi da yawa suna daidaita ƙarfin sauti da kansu: in ka kaɗa da ƙarfi su danne, in ka sassauta su ɗaga. Shi ya sa za ka ji a wurin da waƙa ta yi sanyi, inda kake son tsirkiya ta yi kuka a hankali, sai hayaniyar titi ta taso kamar an buɗe ƙofa. Wasu kuma suna da tace hayaniya, wanda kan ɗauki dogon amon tsirkiya a matsayin ƙara ya yanke masa wutsiya. Wannan lahani ne na gaske. Amma akwai manhajojin kyauta irin su BandLab da ke ba ka damar riƙe sautin da hannunka, ka fitar da shi a fayil ɗin WAV, wato sautin da ba a matse ba.

Babban raunin waya a wurinmu yana zuwa ne daga bidiyo. Kana son a ga fuskarka da hannunka, sai ka jingina wayar can nesa, taku uku ko huɗu daga jita. A wannan nisan, rabin abin da take ji amsa-kuwwar bango da tayil ne. Ƙa'idar sauti ita ce duk lokacin da ka rage nisa da rabi, abin da ke fitowa kai tsaye daga jita yana ƙaruwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, hayaniyar waje kuwa tana nan yadda take. Ka dawo da wayar daga mita ɗaya da rabi zuwa taƙi ɗaya da 'yan yatsu, kamar santimita 25 zuwa 30, ka saita gindinta wajen gaɓa ta 12, inda wuyan jita ya kusa haɗuwa da jikinta, za ka rantse an canza maka waya. Kada ka saita ta a bakin ramin jita, nan ne iska ke fita da gurnani mai kauri da ke shanye komai. Hoto fa? Ka ari wayar abokin zama ta ɗauki bidiyo daga nesa, taka ta ɗauki sauti a kusa, ka tafa hannu sau ɗaya kafin ka fara, daga baya ka daidaita su a manhajar gyaran bidiyo ta CapCut a kan wannan tafin. Ko kwabo ba ka kashe ba.

To, kwandensa da intafes fa? Gaskiya ne, a ɗaki mai shiru babu haɗi. Irin su makirufon Audio-Technica AT2020 a kan intafes ɗin Focusrite Scarlett suna kamo abin da waya ba ta kaiwa: ƙyallin tsirkiyar ƙarfe, ɗumin katako, saukar yatsa, har numfashin da kake ja kafin baiti. Tsirkiyar E mai kauri ta jita tana kaɗawa a kan hats 82, wato sau 82 a daƙiƙa, kuma a nan ƙasan ne waya kan yi rowa, kwandensa kuwa ya ba ka shi cikakke. Kai ne kuma ke murɗa ƙarfin shigar sauti, ba wanda zai ɗaga maka ko ya danne. In intafes ɗin mai ƙofa biyu ne kamar Scarlett 2i2, kana iya ɗaukar murya daban jita daban da makirufo biyu, ka gyara kowanne shi kaɗai. Scarlett Solo kuwa makirufo ɗaya yake karɓa, sai ƙofar kayan kiɗa, ka lura da wannan kafin ka biya.

Na sayi irin wannan haɗin shekarun baya, da murnata. Daren farko na ɗauki waƙa ɗaya sau shida, ko wanne akwai janaretan gidan baya a ciki, tsaf, kamar tare muke kiɗan. Na jira aka kawo wuta, janareta suka mutu, sai ga fanka. Na kashe fanka, zafin Legas ya sa gumi yana sauka a kan jita kafin in kai amshi na biyu. Makirufon bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. Ya faɗi gaskiyar ɗakin ne, ɗakin kuma ba sutudiyo ba ne.

Sannan akwai kashe-kashen da ba a faɗa maka a shago. Kwandensa yana buƙatar wutar bolt 48 daga intafes, intafes yana jan tasa wutar daga USB. A kwamfutar cinya ba matsala. A waya kuwa sai da kebul ɗin OTG, mai haɗa waya da kayan USB, kuma ba kowace waya ce ke iya ciyar da shi ba, wadda ta iya ma batirinta zuba yake yi. Ga kebul ɗin XLR mai haɗa makirufo da intafes, ga sandar makirufo, ga abin kunne mai waya, domin na Bluetooth yana jinkirta sauti har ka kasa bin kanka. In kana ɗauka kwamfuta na jone da caja, musamman a wutar janareta, sau da yawa wani zuuu yana shiga ƙarƙashin waƙar. Wutarmu a nan hats 50 ce, ita ce kake ji ita da 'ya'yanta. Maganinsa ka zare caja ka yi aiki da batir. Ga kuma laima. Iskar Legas jiƙe take kusan duk shekara in ka cire ɗan lokacin hunturu, kwandensa kuwa ba ya shiri da danshi, yakan fara ƙaras-ƙaras. Nawa sai da na riƙa ajiye shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan na shanye danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Akwai hanya ta uku, kuma ita na fi so maka in har sai ka sayi wani abu: makirufo dainamik. Irin wanda ake riƙe wa mai wa'azi ko mai sanarwa a wajen biki, dangin Shure SM58 da aka fara yi tun 1966 kuma har yau ana aiki da shi. Mutane na cewa dainamik ba ya jin hayaniya. Yana ji. Abin da ke faruwa shi ne ba shi da saurin ji, dole ka matso da shi dab da kai, kuma wannan kusancin ne ke sa jitarka da muryarka su rinjayi titi. Ba ya neman bolt 48, danshi bai cika damunsa ba, in ya faɗi ƙasa ka ɗauka ka ci gaba. Akwai irin Samson Q2U mai ƙofa biyu, USB da XLR: yau ka jona shi kai tsaye a waya ko kwamfuta ba tare da intafes ba, gobe in Allah ya hore ka sayi intafes, ba ka yi asararsa ba. Abin da za ka rasa shi ne ɗan ƙyallin saman nan na tsirkiyar ƙarfe. Ni a kunnena, ga mai rera waƙa da jita shi kaɗai a ɗaki, wannan rashin ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada da samun murya a gaba, hayaniya a baya. In makirufo ɗaya ne, ka sa shi tsakanin bakinka da wuyan jita, ka yi ta matsar da shi sama da ƙasa har su daidaita. Wannan gwajin zai ci maka yamma guda, kada ka yi gaggawa.

Wani abu da ke ba ni takaici shi ne mutum ya wahala ya ɗauki sauti mai kyau, sannan ya turo mana shi a saƙon murya na WhatsApp. Saƙon murya matse shi ake yi don magana, jita na fita a ciki kamar daga ƙarƙashin ruwa. A wannan ƙofar, wanda ya ɗauka da kwandensa da wanda ya ɗauka da waya duk ɗaya suke fitowa. Ka tura shi a matsayin fayil, ta inda ake tura takardu. WAV yana cin kamar megabait 10 a minti in sitiriyo ne, rabin haka in mono ne. In data ta yi tsada, ka mayar da shi MP3 mai nauyi, ya fi saƙon murya nesa ba kusa ba.

Ka tuna kuma yawancin masu saurarenka a lasifikar waya za su ji ka, wasu a cikin mota a cunkoson hanyar Ikorodu. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, kuma waƙoƙin sun bazu a yankin Sahel ne daga waya zuwa waya, ta Bluetooth da katin memori, tun kafin Turai da Amurka su san sunansa. Mutane sun riƙa tura wa juna ne saboda kiɗan ya kama su.

Na saurari waƙar da ka turo makon jiya sau uku. Muryarka tana da daɗi, wallahi, kuma hannunka na dama ya zauna. Abu biyu na ji da babu makirufon da zai gyara. Tsirkiyoyinka sun mutu. Gumi da iskar teku suna cinye su da wuri a garin nan, sababbin tsirkiyoyi kuwa sun fi duk abin da muka lissafa araha, kuma in kana goge su da ƙyalle bayan kowane kiɗa za su daɗe. Na biyu, tsirkiyar B ta ɗan sauka tun daga tsakiyar waƙa. Ka riƙa duba saitin tsirkiyoyi kafin kowace ɗauka, ba sau ɗaya da farko ba. Kwandensa zai ƙara fito da waɗannan ne fili.

Don haka ga yadda zan jera maka su. In ɗakinka na ciki ne, da labule mai kauri da kafet, kana da kwamfuta, kuma kana samun awa biyu na shiru, kwandensa da intafes sun cancanci kuɗinsu. In gidan haya ne irin namu mai ɗakuna suna kallon juna, ka riƙe kuɗinka tukuna. Ka sa sababbin tsirkiyoyi, ka jingina katifa a bangon da ke bayanka, ka shimfiɗa darduma ko bargo a kan tayil, ka sa waya a yanayin jirgi don kada kira ya katse ka, ka nemi hantsin ranar aiki lokacin da yara suna makaranta kuma akwai wuta. Ka ɗauki waƙoƙi biyar a haka. In bayan su har yanzu kana jin waya ce ke riƙe ka, sai ka je kasuwar Alaba ko Computer Village ka nemi dainamik, ka tafi da wayarka da kebul ɗin OTG da abin kunne, a gwada a gabanka kafin ka miƙa kuɗi, domin jabun SM58 sun yi yawa a duniya.

Nawa dainamik ɗin yana nan ba na amfani da shi a wannan makon. In za ka shigo ta Mushin ranar Asabar bayan la'asar, ka zo da jitarka, mu ɗauki baiti ɗaya da waya, mu sake shi da makirufo, ka ji da kunnenka kafin ka yanke shawara.