Fangalin da ba ya rabuwa da ruwa, da wanda ake bari ya sha iska

Malam, ka ce fangalinka na bakin gulbi, da kake yi wa shinkafa damina da rani, ya fi na ƙanenka baƙi, amma shi da yake bin shinkafar damina da alkama ko albasa yana fin ka buhu, alhali uriya ɗaya kuke zubawa.

Baƙin nan ruɓaɓɓen kara ne da saiwa da kashin dabbobi, kuma fiye da rabin nauyinsa karbon ne. A jigawarmu ta gero da wuya ya kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar, don zafi da gara ba sa barinsa. Shi ya sa manomin Maradi in ya ga baƙar ƙasa yake murna. A tudu yana da gaskiya. Ƙarƙashin ruwa kuwa lissafin daban ne.

A naka fangalin, kwana ɗaya zuwa biyu da cika shi iskar oksijin ta ƙare a cikin laka. Ƙananan halittun da ke iya aiki ba iska sai su cinye ɓangaren kara mai taushi, su bar mai tauri, wato lignin, abin da ke ba itace ƙarfi. Shi ke taruwa shekara bayan shekara. Masu bincike na cibiyar shinkafa ta IRRI da ke Filifin sun ga haka a shekarun 1990, a filayen da ake noma sau biyu ko uku a shekara: ruɓin ƙasa bai ragu ba, amma amfani yana ja da baya. Da aka duba, sai aka tarar sinadaran fenol da ke fitowa daga lignin sun yi yawa, kuma suna kama azot, wato sinadarin da uriya ke ba shuka, su riƙe. Azot ɗin yana nan a ƙasarka, kamar hatsi a rumbun da aka liƙe bakinsa, saiwar shinkafa ba ta kai gare shi.

Na ƙanenka, da ruwa ya janye ƙasa ta tsage, iska ta shiga, halittun da ke iya farfasa lignin su kama aiki. Ruɓin ya ragu, launi ya yi haske, amma azot ya saku. Ba kyauta ba ce dai: abin da ya saku amma bai shiga alkama ba, da an sake cika ruwa yawancinsa tashi yake yi iska. Kuma in ya daina kai takin gida, ƙasarsa za ta riga taka gajiya.

Kai ma kana da taka riba. Ruwa yana daidaita tsamin ƙasa, yana sako fosfor, yana danne ciyawa. Sai dai zink yakan yi wuyar samu.

Inda na fi zarginka shi ne kara. In ana binne ɗanyen karan shinkafa a cika ruwa a yi dashe nan take, ruɓewarsa tana fitar da asid mai ƙona saiwar ƙaramin dashe. Ka tuge ɗaya ka duba: saiwa mai lafiya fara ce ko ja-ja, in ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙasar ta shaƙe. Kumfar da ke tasowa in ka taka laka kuwa iskar metan ce, karbon ɗinka ne ke tafiya. Ƙona karan ba magani ba ne, don kusan duk azot ɗinsa hayaƙi zai bi, toka ta rage da fotas da sauran ma'adinai. Gara ka ba ragunan kiwo, ka dawo da takinsu.

Ni dai na ƙanenka na zaɓa, in har yana kai taki. Kai kuma ba sai ka bar shinkafar rani gaba ɗaya ba. Bayan girbi ka janye ruwa, ka juya karan tun ƙasa na da danshi, ka bar ta kamar wata ɗaya kafin dashe. Duk shekara ta biyu ko ta uku ka sa wake ko albasa da rani, yadda ake juya shuka a filin noman rani na Jiratawa, kusa da Maradi. In za ka kai ƙasar awo, ka tuntuɓi ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na Tarna a Maradi, ka ɗebo daga fangalin biyu a zurfi ɗaya, a auna karbon da azot tare.