Wane madubin hangen nesa za ka saya kafin ka tafi kallon tsuntsaye?

Duk lokacin da hutu ya gabato, abokai a nan Damagaram sukan tambaye ni wane madubin hangen nesa, wato jumel, za su saya. Wani Yankari ya nufa, wani duwatsun Gashaka-Gumti, wani kuma tafkin Gidimuni kawai zai leƙa. Amsata ba ta sauyawa: 8x42.

Lamba ta farko tana nufin sau 8 yake kusanto da abu, ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Raba 42 da 8, za ka samu ɗan abin da ya haura milimita 5, shi ne faɗin hasken da ke isa idonka. Amfanin wannan sai da asuba kake ganinsa, lokacin da tsuntsaye suka fi motsi, rana ba ta fito sosai ba. A busasshen daji irin na Yankari, cilakowa ba ta jiran kowa. Tana tsalle daga reshe zuwa reshe, kuma 8x42 na da faɗin gani da zai bar ka ka bi ta ba ta ɓace maka ba. Kan dutse kuwa, bayan ka hau kana haki, hannu na rawa, sau 8 ba ya girgiza hoto kamar masu ƙarfi. Nauyinsa bai kai kilo ba, sai ka yini da shi a wuya. Ka nemi wanda aka rufe ruf don kada ruwa ya shiga. Mu nan ƙurar hunturu muke gudu, don idan ta shiga ciki babu mai goge ta.

10x50 ya dace da bakin tafki, amma kaya ne. Ƙaramin 10x25 na aljihu duhu gare shi. Masu zum kuwa, wato waɗanda ake ƙara ko rage ƙarfin kusantowarsu, ko kallonsu kada ka yi.

Na jabu su ne abin tsoro, ni kaina sun taɓa ƙona ni. Wani mai kaya ya nuna mini ɗaya mai jan gilashi, an rubuta 60x60, ya rantse na sojoji ne, har dare yana gani. Na ba da jaka 15. Ranar da burtu ya fito gabana yana takawa, guda biyu na gani a wurin ɗaya, kafin azahar kaina kamar zai tsage. Babu madubin hannu da ke kusanto da abu sau 60 ka iya riƙe shi tsaye, kuma jan fentin nan ba ya sa a gani cikin duhu, launin tsuntsu kawai yake ɓatawa. Sunan Nikon ko Bushnell a jiki ma ba shaida ba ne, ana buga shi a kan roba.

Kafin ka biya, fita da shi waje. Dubi wayar lantarki daga nesa, ka ja shi kaɗan daga idonka: idan wayar ta rabu biyu, ajiye musu. Miƙe hannu da shi ka dubi ɗigon haske a gilashin ido, ya zama zagayayye, ba mai kusurwa ba. Girgiza shi kusa da kunne ka ji ko wani abu na motsi a ciki, ka kuma haska gilashin gaba da fitilar waya ka nemi ƙura. Mai kayan da ya hana ka fita da shi bakin shago, ko ya ce kwali ba ya buɗuwa sai an biya, bar masa kayansa.