Akwati a gona ko tura komai kilawud? Amsa ga Alhaji mai gidan kaji na hanyar Zariya

Alhaji, barka da yamma. Ka sayi akwatin, wato ƙaramar kwamfutar da za ta zauna a gona tana kula da kyamarorinka, maimakon tura komai kilawud, wato kwamfutocin kamfani da ke can intanet. Na faɗa tun farko ne don kada tsawon rubutu ya kore ka kafin ka ji. Wanda ya ce maka kyamarorinka takwas da ma'aunan zafin ɗakunan kaji ba sa buƙatar wata kwamfuta a gona, wai 5G ta zo da MEC kuma kamfanin waya zai yi komai, magana ta gaskiya ya ɗauko ya kai ta inda ba ta iso ba.

Ga abin da MEC ɗin take nufi. A tsarin da muka saba, duk abin da layinka ya aika sai ya hau ƙarfen sabis, ya bi wayar fayiba har cibiyar kamfani, domin can ƙofar fita intanet take. Ko da sabar da kake nema, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonka ta yi aikin, tana bayan katangarka, sai saƙon ya je ƙofar nan ya juyo. A MEC kuwa kamfani yana ajiye ƙananan sabobi a kusa, ko dai a gindin ƙarfen ko a tashar da layukan ƙarafa da yawa ke haɗuwa, sannan ya buɗe ƙaramar ƙofa a wurin. A 5G ana ce wa ƙofar UPF, kuma manhaja ce, ana iya dasa ta inda aka ga dama. Hukumar ETSI ta Turai ce ta fara tsara ƙa'idojin abin a 2014, a 2017 ta faɗaɗa shi ya haɗa da Wi-Fi da layin waya na ƙasa. Sama da sabobin akwai wata manhaja mai rabon aiki, ita ke yanke wace tasha za ta ɗauki wane aiki, ita kuma ke bin ka da aikin in ka taso daga Kawo ka nufi Kakuri ba tare da ya yanke ba.

Abin sha'awa ne, ba ƙarya. Amma kowace tasha tana son wuta dare da rana, da sanyi, da mai gadi, kuma a ƙasar nan ka san wuta dare da rana dizal take nufi. Shi ya sa kamfanoni ke kai shi inda babban mai biya yake, kamar masana'anta, tashar jiragen ruwa ko filin wasa. Amazon ta sanar da nata mai suna Wavelength tare da Verizon a Amurka a 2019, a 2024 aka sanar da kawo shi Maroko da Senegal. A nan MTN ta kunna 5G a 2022, Airtel ta biyo a 2023. Ganin alamar 5G a fuskar waya bai nuna akwai saba a gindin ƙarfen da ke kusa da gonarka ba. Ka ce wa mutumin ya rubuta maka a takarda garin da sabar take. A nan za ka ga ya fara sosa ƙeya.

Kuma ma abin da ake tallar MEC da shi, wato saurin amsawa, ba shi ne ciwonka ba. Haske yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya cikin fayiba, don haka daga Kaduna zuwa Legas da dawowa a lissafi bai kai milisakan 10 ba, ko da yake na'urorin hanya suna ƙara nasu. Mai sarrafa injin masana'anta daga nesa zai damu da wannan. Kaza ba ruwanta. Ciwonka biyu ne, data da yankewar sabis.

Ɗauki alƙalami. Kyamara ɗaya mai hoto 1080p, ko an matse ta zuwa megabit 2 a sakan, tana cin wajen gigabait 21 a yini, kusan 650 a wata. Takwas sun haura terabait 5. Wannan duk hawa ne, wato turawa intanet, ba sauka ba, kuma layin waya ya fi rowa wajen hawa. Ka tuna a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Mafi yawan abin da za ka biya kuɗin turawa kuwa hoton kaji ne suna barci.

Nawa akwatin yana gonar yayana, can bayan Maraban Jos. Ƙaramar kwamfuta ce mai ƙwaƙwalwar Intel N100, ba ta fi kwanon sha girma ba, cin wutarta bai wuce na ƙwan fitila ɗaya ko biyu ba. Na ɗora mata Frigate, manhaja ce ta kyauta da ke kallon kyamarori ta bambanta mutum da akuya, na haɗa ta da ma'aunan zafi da jiniya a ɗakin mai gadi. Bidiyo yana zama a faifan cikinta. Abin da ke fita ta layi ɗan hoto ne da gajeren saƙo in wani abu ya faru.

Ranar 14 ga Maris 2024, muna farkon azumi, wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har da MainOne da WACS. Kowa ya tuna ranar, tura kuɗi ma ya gagari mutane da dama. A cikin kwanakin nan ne, da tsakar rana, wayar fankokin ɗaki na biyu ta ƙone, yara kuma sun laɓe a inuwa, azumi ya kwantar da su. Kajin nama ne da suka kusa fita kasuwa, irin waɗanda zafin Maris ke zubarwa kafin ka ankara. Saƙon da akwatin ya turo mini bai iso ba sai bayan la'asar. Amma jiniyar ba ta jira intanet ba, zafi na haurawa ta ɗauki kuka, yaran suka taso suka buɗe labule, suka watsa ruwa, suka jawo wata waya. Da na je da yamma yayana yana tsaye yana kallon ɗan akwatin kamar ya yi masa sannu. Shi ne fa mutumin da ya ce na sayo masa rediyo marar murya. Tun ranar yake sa a goge masa ƙura.

Na kilawud kuwa, na taɓa saya, ba zan ɓoye ba. Manhajarsu ta waya tana da kyau, kuma ɓarawo ba ya iya saɓa bidiyon a kafaɗa ya gudu. Iyakar yabon ke nan. Da aka rufe sabis a wasu sassan jihar nan ta Kaduna a ƙarshen Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, kusan wata biyu kyamarorin suka zama ado, kuɗin wata kuma da dala ake cira.

Sai dai akwati ba kyauta yake zuwa ba. Aikin kulawar da kamfanin waya zai yi a MEC, kai ne za ka yi da kanka. Ka ba shi batir nasa a kan sola, kada ya dogara da janareta. Ka ɗaga shi daga ƙasa, nesa da ɗakin kaji, domin ƙurar dusa da ta hunturu suna toshe fanka, warin kashin kaji kuma yana cin ƙarfe. Ka canza lambar sirrin da kyamarori suka zo da ita. A samu yaro ɗaya da zai riƙa sabunta manhaja duk bayan 'yan watanni. Batun ɓarawo kuma, ka ɓoye akwatin a wurin da ba a zato, ka sa ya riƙa tura gajerun bidiyon da mutum ya bayyana kawai zuwa kilawud. Wannan kaɗan ne, datar wata ta talaka ma ta ishe shi. Ka sa layi biyu na kamfanoni daban a rauta, wato na'urar da ke ba gonar intanet.

Ba ka tambaya ba, amma ranka ya daɗe ka kula da masu sayarwa. Akwai rautar da aka manna wa 5G a kwali, alhali Wi-Fi ne mai 5GHz, layin cikinta 4G ne. Ka duba a rubuce ko tana ɗaukar n78, shi ne zangon 3.5GHz da aka yi gwanjonsa a ƙasar nan a Disamban 2021. Akwai tsohon faifai da ya sha aiki a ƙasar waje, a sake masa takarda a ce sabo ne. Kada ka biya sai an jona shi a gabanka an buɗe bayanan SMART, wato rahoton lafiyar faifan, ka ga awoyin da ya yi yana aiki, kuma ko da ya nuna sifili ka karɓi rasit mai lambar faifan, don ana iya goge lissafin. Ka nemi wanda aka yi don kyamara, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk. Mafi muni shi ne mai haɗa maka kaya ya riƙe lambar sirrin babban asusu a hannunsa, duk gyara sai ka kira shi, kuma yana iya leƙa gonarka daga ɗakinsa. Kafin ka cika masa kuɗi, ya ba ka lambar, ka canza ta yana tsaye.

Don kyamara takwas, N100 mai ma'adanar aiki (RAM) gigabait 16 da faifai terabait 4 sun isa, za su riƙe maka bidiyon kusan mako uku. In za ka shiga kasuwa ranar Asabar ka yi mini magana a nan, ina wajen Ahmadu Bello Way da safe, sai mu je tare a gwada faifan.