Manhajar iNaturalist ta shiga raina

Gaskiya wannan manhaja ta yi. Ka ɗauki hoton malam-buɗe-littafi ko wata ciyawa a gefen hanya, ka ɗora, ta ba ka hasashen suna nan take, masana su duba su tabbatar, to daga nan bayanin kan wuce GBIF, wato rumbun bayanan halittu na duniya, inda masu bincike a jami'o'i ke kwasa su bi diddigin yadda halittu ke ƙaura ko raguwa saboda sauyin yanayi. Asalin manhajar aikin ɗalibai ne fa, a jami'ar Berkeley ta Amurka, 2008. Tun da rahoton 2019 na IPBES, wato kwamitin ƙasa da ƙasa mai nazarin halittu da muhalli, ya ce nau'in halittu kusan miliyan 1 na fuskantar ƙarewa, ko ƙwaro na gani sai na tsuguna na ɗauka. Ku dai bari hoton ya fito tas, fuka-fuki a buɗe.