Hattara da na'urar lantarkin da ake cewa tana miƙar da wuyan matasa

Tallar takan fara da hoton yaro ya duƙufa kan waya, an zana masa jan layi a ƙeya, an rubuta cewa wuyansa na ɗauke da kilo 27. Daga nan sai a nuna wata 'yar na'ura mai kama da abin wuya, ko faci biyu masu wayoyi da ake mannawa a fata, a ce minti 15 a rana ya isa ta mayar da kan yaro mazauninsa cikin makonni biyu, ba motsa jiki, ba ganin likita. Iyaye, ku riƙe kuɗinku.

Lambar nan ta kilo 27 tana da asali. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya fitar da ita a 2014, inda ya ƙiyasta cewa kan da nauyinsa ya kai wajen kilo 5 yana ɗora wa wuya kusan kilo 27 idan aka sunkuyar da shi digiri 60. Lissafi ne na kwamfuta, ba yara aka auna ba, kuma bai ce lantarki ne maganin ba. 'Yan kasuwa ne suka ɗauke ta don tsoratarwa.

Ga inda ƙaryar take. Tsokokin da ke riƙe kai a daidai su ne na can ciki, irin su longus colli, waɗanda ke kwance a jikin ƙashin wuya ta gaba, bayan maƙogwaro. Wutar da ke shiga ta fata ba ta isa gare su lafiya. Abin da take samu shi ne tsokokin sama: ta saman kafaɗa, da doguwar nan da ta taso daga bayan kunne zuwa ƙashin ƙirji. Su kuwa a wurin mai turo kai gaba yawanci sun riga sun ɗaure, aiki ya yi musu yawa. Ka ga ke nan an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yaro zai ji tsoka na motsi, ya ɗauka gyara ake yi, alhali zaman da ya saba yi yana nan yadda yake. Wasu na'urorin ma ba EMS mai motsa tsoka ba ne, TENS ce mai rage jin zafi na ɗan lokaci, aka sauya mata kwali.

Ba yau aka fara wannan shifcin gizon ba. A 2002 hukumar FTC mai kare masu sayayya a Amurka ta kai ƙarar masu sayar da bel ɗin lantarki na ciki, ciki har da AbTronic da AB Energizer, kan alƙawarin ƙarya. Ko a asibiti an taɓa gwada lantarki don karkacewar ƙashin bayan matasa, sai wani babban bincike na 1995 ya nuna bai fi zuba ido ba tare da magani ba.

Haɗarin ya fi asarar kuɗi. A gefen wuya ta gaba, ƙasa da muƙamuƙi, akwai wani gurbi a jijiyar jini da ke daidaita bugun zuciya da ƙarfin jini. Idan wuta ta taɓa wurin, zuciya na iya rage gudu, yaro ya yanke jiki ya faɗi. Tsokokin maƙogwaro kuma na iya shaƙewa su tare numfashi. Shi ya sa takardar kowace na'ura ta ƙwarai take hana manna faci a gaban wuya, ko a kai, ko a sa wuta ta ratsa ƙirji. Mai farfaɗiya da mai na'urar daidaita bugun zuciya kada su kusance ta sam. Sai ƙuna: idan jel ɗin facin ya bushe ko gefensa ya ɗago, wutar takan taru a ɗan ƙaramin wuri ta ƙona fata, kuma matashi mai gaggawar ganin sakamako shi ne zai murɗa ta har ƙarshe.

Dabarun masu sayarwa ba su cika sauyawa ba. Hoton “kafin” an ɗauke shi yaro ya saki jiki, na “bayan” an ce masa ya miƙe, wani lokaci da riga ɗaya a rana ɗaya. Suna rubuta cewa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta yi musu rajista, alhali rajista shigar da sunan kamfani ne kawai, ba tantance cewa abin yana aiki ba. Akwai masu cewa ka turo hoton ɗanka manhajarsu ta auna shi kyauta, kuma ba a taɓa jin ta ce wa wani lafiyarsa ƙalau ba. Mafi muni su ne masu gwajin kyauta: ka ba da lambar katin banki don kuɗin aikawa, sai a riƙa cirar na sabbin faci duk wata.

Gaskiya ne likitocin fisiyo, masu gyaran jiki ta hanyar atisaye, sukan yi amfani da lantarki, amma a matsayin ƙari kan atisaye, su ne ke zaɓar tsoka da ƙarfin wutar, yawanci tsakanin allunan kafaɗa. Kafin nan sai sun auna: a ɗauki hoto ta gefe, a ja layi daga kunne zuwa ƙashin da ya turo a gindin wuya, idan kusurwar da ke tsakanin layin nan da layin kwance ta gaza wajen digiri 50 ne ake cewa kai ya turo gaba. Atisayen farko ba ya buƙatar sayen komai. Yaro ya zauna a miƙe, ya ja haɓa baya kamar zai yi haɓa biyu, ba tare da sunkuyawa ba, ya riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, sau 10, sau biyu ko uku a rana. A ɗaga allon kwamfuta daidai ido, ya riƙa tashi duk bayan rabin awa. A duba masa ido ma, domin wanda ba ya gani sosai dole ya turo kai.

Idan kuwa an ce ya miƙe ya kasa, doron ya ƙi kwanciya, to ana iya zargin cutar Scheuermann, wadda ke sauya siffar ƙasusuwan baya lokacin girma, kuma hoton ƙashi ne ke tabbatar da ita. Wannan, da ciwon da ke tashinsa daga barci, da mutuwar hannu ko rauninsa, a kai shi likita cikin gaggawa, domin rigar gyaran baya tana aiki ne kafin yaro ya gama tsawo.