Takalmin birki na seramik da mai gaurayen ƙarfe: me kukansu ke nufi?

Duk wanda ya cire takalmin birkin da mota ta zo da shi ya sa na kasuwa, kunnensa ne ke fara gaya masa bambanci. Mai gaurayen ƙarfe yakan yi ɗan kuka da sanyin safiya, musamman idan ruwa ya kwana a kan faifan birki har ya yi tsatsa-tsatsa. Ka taka sau uku ko huɗu, kukan ya ɗauke. Halinsa ke nan, ba ciwo ba ne. Yana cin faifai, yana baƙanta ƙafar mota da ƙura, amma wajen jure zafi ya fi, shi ya sa direban da ke sauka gangaren Hawan Kibo na jihar Filato da lodi zai fi samun natsuwa da shi.

Na seramik ya fi tsada, kuma ba shi da surutu. Don haka idan ya fara ƙara, ni aikin ɗaurawa nake fara zargi. Ko dai bakanike ya yar da siririn ƙarfen da ke manne a bayan takalmin, ko bai shafa wa fil-fil ɗin da yake zamewa a kai maiko ba, ko kuma an ɗora sabo a kan faifan da ya riga ya yi zane.

Siririn tsuwa da ba ya tsayawa kuwa, kowanne ka sa, alama ce kaurin takalmin saura kamar milimita 2 ko 3. In ka ji gurza kamar ana wasa wuƙa a dutse, ƙarfe ya kai ga ƙarfe, a ajiye motar.