Otal, Zauren Haya ko Fili: Ina Ya Dace Ka Yi Taronka?

Kafin ka taka ƙafa zuwa duba kowane wuri, ka san mutum nawa kake tsammani da kuma yadda za ka zaunar da su. Ɗakin da zai ɗauki mutum 200 a kan kujeru jere, kowa na fuskantar mai jawabi, da ƙyar zai ɗauki 120 idan aka shigo da teburan cin abinci. Mai zama a jere yana cin kimanin kashi biyu bisa uku na murabba'in mita, mai zama a tebur kuwa sai ya haura murabba'in mita guda. Zagayayyen tebur mai faɗin mita 1.5 na mutum takwas ne, mai mita 1.8 na mutum goma. Don haka idan mai wuri ya ce maka ɗakinsa na cin mutum 300, tambaye shi: a tsaye, a jere, ko a tebur? Yawanci adadin da ya fi girma zai faɗa maka.

Ɗakin taro na otal shi ne ya fi tsada a takarda, kuma shi ne ya fi rage maka ciwon kai. Kujeru, tebura, na'urar sanyaya ɗaki, lasifika, bandaki, wurin ajiye motoci da ma'aikata duk suna nan, mutum ɗaya za ka riƙa yi wa magana. Sai dai otal da abinci yake cin riba, shi ya sa da yawa ba sa barin a shigo da abinci ko abin sha daga waje. Farashin da za a fara gaya maka na kowane mutum sau da yawa bai haɗa da haraji da kuɗin hidima ba, sai ka nemi a rubuta maka jimillar ƙarshe. Za su kuma buƙaci tabbataccen adadin baƙi 'yan kwanaki kafin ranar, wanda bai zo ba ma sai ka biya kuɗin farantinsa. Wani abin da ake mantawa: manyan ɗakunan otal ana raba su da bangon da ake turawa, wanda ba ya tare ƙara sosai. Ka tambaya ko akwai wani taro a ɗaya ɓangaren a ranar, kada mai jawabinka ya yi ta gasa da kiɗan maƙwabta.

Zauren haya yana tsakiya. Kana da rufi, bango da wuta, sauran kuwa naka ne, kai za ka zaɓi mai abinci da mai ado. Abin da ya fi jawo rigima a nan shi ne lokaci. An ce maka awa shida, to daga yaushe? Masu ado da masu kayan sauti suna buƙatar sa'o'i kafin baƙo na farko ya iso, suna kuma buƙatar lokacin kwashe kaya. Idan wannan yana cikin awa shidan, rabin hayarka ta tafi a jera kujeru. In ka je duba zauren, tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya. Idan ƙarar ta daɗe tana dawowa, magana za ta cakuɗe a kunnen na baya, musamman a ɗaki mai tayil da dogon rufi, kuma ƙara ƙarfin lasifika ba ya gyara wannan, dagula shi yake yi. Ka ƙirga ƙofofin fita, ka tabbata ba a garƙame su ba.

Fili da tanti shi ne yake ruɗin mutane, domin hayar filin ba ta taka kara ta karya ba. Amma araha ba ta ado. Duk abin da otal ya ba ka a dunƙule, a nan sai ka ɗauko shi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kuɗin dakonsa. Janareta mai kVA 50 yana ba da kusan kilowat 40 ne, kuma ba a so a ɗora masa kaya har iyakarsa, don haka sai ka tattara lissafin fitilu, fankoki, kayan sauti da na ɗumama abinci tukuna. Dole a ajiye shi nesa da jama'a saboda ƙara da hayaƙinsa mai guba, wato ƙarin dogayen wayoyi ke nan. Sauti ma a sarari baje yake: duk lokacin da nisa daga lasifika ya ninka, ƙarfinsa na raguwa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Manyan lasifikoki biyu a gaba za su kurmantar da na kusa, na baya kuma ba su ji ba, gara a rarraba ƙanana a tsawon filin. Majigi ba ya ganuwa da rana tsaka, sai allon LED, wanda hayarsa ta fi nauyi. Tanti kuwa ya fi tsoron iska fiye da ruwan sama. A kan ƙasa ana kafa masa turaku, a kan siminti sai an danne ƙafafunsa da nauyi mai yawa. Ga bandakin haya, ga masu tsaro, ga izinin hukuma a wuraren da ake buƙata. Duk da haka, idan jama'arka sun fi ƙarfin kowane ɗaki, ko kuma taron na yawo da baje koli ne, babu abin da ya kai fili.

Taron intanet ya wadatar idan magana kawai za a yi. Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100 amma yana yankewa bayan minti 40, Google Meet na kyauta kuma bayan awa ɗaya. Haɗa na ɗaki da na intanet lokaci guda kuwa taro biyu ne, sai ka ware mutum na musamman da zai kula da masu kallo daga nesa.

Ni dai a ganina, taron jawabai na mutum ɗari ko ƙasa da haka otal ya fi dacewa da shi, shagalin da kake son tsara komai da kanka kuma zauren haya. Kowanne ka karkata gare shi, jera duk kuɗaɗen a takarda ɗaya, ka raba da yawan baƙi, sannan ka kwatanta. Kafin ka ba da kafin alƙalami kuma, a rubuta nawa za a mayar maka idan ka fasa, ko za a iya ɗage ranar ba tare da tara ba, nawa ne kuɗin kowace awa da aka ƙara, da wanda zai biya idan wani abu ya fashe. Ka karɓi sunan ma'aikacin da zai kasance a wurin a ranar taron, domin sau da yawa ba shi ne wanda kuka yi ciniki da shi ba.